Gwaggon Kwalabe da Rijiyar Makaranta

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, kafin masu shara su gama da barandar sashen kimiyyar muhalli, Gwaggo ta riga ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje. Ta wanke kwalabe, ta ɗauraye su sau uku, ta kife su a kan kantar wanke-wanke, sannan ta jera takalman roba a bakin ƙofa. Shekara ashirin da tara ke nan tana haka. Ba malama ba ce, ba ta da ofis. A takarda, ma'aikaciya ce mai raka ɗalibai aikin fili. Mu kuwa Gwaggon Kwalabe muke ce mata a bayan idonta, wai mu a dole ba ta sani ba. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa muka taru yau.

Duk wanda ya taɓa bin ta daji yana da labari. Ita ce ke shiga fadama har gwiwa, ta waiwayo ta ga ƙarti sun tsaya a tudu suna nannaɗe ƙafar wando, ta ce, "Ku bi a hankali, 'ya'yana, kada ku ji wa taɓo ciwo." Ranar Asabar kuma, babu wanda ya sa ta, takan zaga unguwanni da 'yan sa kai, su kwashe leda daga magudanai, su ɗebi ruwan rijiyoyi don gwaji. Shugaban sashenmu kansa, in za a faɗi gaskiya, a hannunta ya koyi riƙe kwalba.

Nawa labarin ba na alfahari ba ne. Ina shekarar ƙarshe, bincikena a kan rijiyoyi biyu ne: ɗaya kusa da filin da ake fasa tsofaffin batura, ɗaya a bayan wata makarantar firamare, can ƙasan gangare. Na ɗebo ruwa, na rubuta sunan kowace rijiya a kan murfin kwalbarta. A ɗakin gwaji na buɗe kwalaben gaba ɗaya don in ɗiga maganin da ke hana ruwan canzawa, na mayar da murafan ina ta hira. Sakamako ya fito: rijiyar masu batura cike da gubar dalma, ta makaranta tas. Abin da kowa ke zato ke nan, don haka babu wanda ya yi tambaya. Malamina ya yaba, saura kwana huɗu in miƙa kundin bincikena, ni kuwa har tafiyata ta canza.

Sai Gwaggo ta tsare ni a bakin kantar nan, riƙe da kwalba ɗaya.

"Ɗan nan, ina ka rubuta sunan rijiya?"

"Ga shi nan a murfi, Gwaggo."

"Murfi yawo yake yi. A jikin kwalba ake rubutu." Ta ɗaga kwalbar ta kalli gindinta. "Ruwan makarantar nan na san shi shekara da shekaru, jar laka yake bari a ƙasa. Ina lakar? Ga ta can a wadda ka ce ta masu batura ce."

Na roƙe ta ta sa hannu a takardar gwajin, domin sai da sa hannunta ake karɓa. Na ce in aka sake ɗibar ruwa ba zan gama a kan lokaci ba, shekara guda za ta bi ruwa, mahaifiyata kuma ta riga ta shaida wa dangi cewa na kammala. Ta saurare ni har na yi shiru don kaina.

"Na ji tausayinka, wallahi. Amma yara nawa ke shan ruwan nan?"

Ban sani ba. Ita ta sani, ɗari huɗu da 'yan kai. Ta ƙi sa hannu a takardar gwajin.

Washegari da safe muka koma tare, ita a gaba da akwatin ƙanƙara, ni a baya ina cika ina batsewa. Da sabon sakamako ya fito, rijiyar makaranta ce ke da dalma, domin ruwan sama na wanke filin batura ya gangara wajenta. Gwaggo ba ta ce mini "ka gani ko" ba. Ta ɗauki takardar ta tafi wurin shugabar makaranta, daga nan ta yi ta sintiri a ofisoshi har aka rufe rijiyar, aka jawo wa yaran famfo. A rahoton da aka buga akwai sunan malamina, akwai nawa. Nata babu.

Gwaggo, ke ce mai ido a gindin kwalba. Ke ce kika koya mana cewa sakamakon da ya yi wa kowa daɗi shi ya fi bukatar a sake duba shi. Kin yaye ɗaruruwanmu, yau wasu daktoci ne, wasu manyan ma'aikata, kuma babu ɗayanmu da ya isa ya ce ya fi ki sanin ruwa. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara miki lafiya.

Ku ɗaliban yanzu, ritayar tata ta ofis ce kawai. Ta ce fitar Asabar tana nan. Ku nemi takalmin roba ku bi ta, ku koyi ƙin sa hannu a kan abin da ba ku tabbatar ba.

Saura magana ɗaya tsakanina da ke, Gwaggo. Na maimaita waccan shekarar, kuma wata uku cur na yi ina sauya hanya don kada in gaishe ki. Kin lura, na san kin lura, amma kullum kika hango ni ke kike fara cewa, "Ɗan nan, ina kwana?" Shekara goma sha huɗu ina neman bakin da zan faɗa miki, ban samu ba sai yau a gaban jama'a. Ke ce da gaskiya. Ki yafe mini.