Ramin Dankalin Malachy

Ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba, aka tarar da Malachy Tuohy a jingine da katangar dutsen gonarsa, shebur a gefensa, rai ya yi halinsa. Matarsa Nuala ce ta hauro tudu da sandarta ta gaya mini, don ba ta da wanda za ta aika. Gidajen da ke tsakaninmu duk a kulle suke, masu su suna ƙasar waje, a birnin Boston.

Malachy, tun muna samari muke ɗauko ciyawar teku a baya muna shimfiɗa wa kunyoyi. Shekarar da ruɓa ta cinye gonata, kai ka buɗe ramin dankalinka ka raba irinka gida biyu, ka ce, "Ɗauka, malalaci, kafin in canza shawara." Ba ka sake tayar da maganar ba.

Ba ka taɓa yarda a rufe dankali lokaci guda ba. A tara shi, a lulluɓe da ciyawa da ƙasa kaɗan, a bar shi ya sha iska ya fitar da gumi, sannan a ɗora ƙasa mai kauri kafin ƙanƙara ta sauka. Rufin farko ka yi, na biyun ne ajali bai bar ka ba. Abincin Nuala na hunturu duka yana cikin ramin nan, ga sama ta washe, iska ta koma kaɗowa daga arewa, alamar ƙanƙara na tafe.

Daga maƙabarta ban ko cire rigar coci ba na wuce gonarka. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na haƙa, ɗaya na daɓewa da bayan shebur. Na haƙa, na zagaya na daɓe, na dawo. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Da gari ya waye gona ta yi fari fat da ƙanƙara, na zura hannu ta kafar da ramin ke shan iska, na ji dankalin a bushe, sanyi bai kai gare shi ba.

Ina nan tsaye Nuala ta fito da shayi. "Sannu da aiki, Fintan. Sha tun da zafinsa." Sai ta dubi hannunta, ta ga kofi biyu ta ɗauko. Ta rasa inda za ta ajiye na biyun.

Allah ya jiƙanka, Malachy, ya ba ka hutu. Nuala, da 'yarku Orla da jirgi bai kawo ta kan lokaci ba, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ni ma ya ba ni.