Madarar Usmanu a Gefen Taya

Wata Laraba ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji huɗu, na tsaya a rumfar wani mai walda a unguwar Jekadafari ta Gombe rungume da jakar fata, ina kallon tartsatsin wuta yana zuba a gefen babur ɗin mahaifina, Baffa. Mai waldar ya ce in kau da kai kada in makance, na ƙi. Baffa yana tsugune da hularsa a gwiwa, ba abin da yake tambaya sai ko an kusa. A gida mun baro ƙanena Usmanu, ɗan wata biyar, yana irin kukan da baki ke buɗewa amma sauti ba ya fita.

Abin ya faro ne ranar da bam ya tashi a tasha, Inna tana kusa da wurin. Ta dawo da ƙafarta, ko ƙwarzane babu, sai takalmi ɗaya da ta rasa, amma daga ranar ruwan nononta ya ɗauke. An dama mata kunun kanwa, an jiƙa sassaƙe, an yi rubutu ta sha, shiru. Madarar gwangwani ta fi ƙarfin Baffa, don ɗinki yake yi, kuma wa ke ɗinka sabuwar riga a garin da ake tsoron shiga kasuwa? Matan ruga masu tallar nono sun daina shigowa. Koko kuwa da an ɗura wa yaron sai ya dawo da shi. Ni ke goya shi in na gama shara da wanke-wanke, ƙawayena na carabke a zaure ina jin su, ni kuwa kullum ina jin goyon yana ƙara sauƙi a bayana. Tsoro nake ji sosai, ban kuma san wa zan faɗa wa ba.

Dabara ɗaya ta rage, shanun kakarmu Dada, a rugarsu ta hanyar Dukku. Sai dai a shekarun nan kaya a bayan babur abin gudu ne saboda tsoron bam. Wani maƙwabcinmu ya ɗauro jarkar manja, kafin a buɗe a ga mene ne an fasa masa kai. Baffa tuni ya kwance kariyar ɗora kaya ta babur ɗinsa ya jefa ƙarƙashin gado. Shi ne ya sa baduku ya ɗinka masa ƙaramar jaka mai buɗaɗɗen baki, irin wadda makanikai ke zuba sifana, ya ce a ɗaura ta can ƙasa inda kowa zai leƙa ya ga cikinta. Mai waldar ya lanƙwasa ƙarafa biyu, ya manna su a dogon ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, ta hagu don gudun zafin salansa, ya ja su waje kaɗan kada sarƙa ta ci fatar, sannan ya ɗaure jakar da noti. Da ya gama ya girgiza ta ya ce, "Malam, wannan ƙarfen fa ba ruwansa da sifirin. Ramin da taya ta faɗa, jakar ma ta faɗa." Baffa ya ce, "Ai ba ƙwai zan ɗauko ba."

Washegari ya dawo daga ruga da hantsi, ƙaramin galan na madara a jakar, fuskarsa a sake. Inna ta kwance murfin galan ta tsiyaya a kofi, sai ga ruwa tsararo mai tsami da curin mai yana yawo a sama. Babur ya kaɗe madarar tas, kamar yadda mata ke kaɗa gora. Ta ɗumama ta gwada ba Usmanu haka nan, ya amayar har ta hanci. Kashegari Baffa ya naɗe galan ɗin da tsummoki, bai hana komai ba. Ranar na ga ya ɗauki guduma ya nufi jakar, ya tsaya a kanta, ya ajiye, ya juya wa ɗakinmu baya.

Ranar Asabar babu makaranta, na kafe sai na bi shi. Ni dama an san ni da baki, Inna kan ce ko tukunya aka rufe ni sai na yi magana. A ruga na ga inda gizo ke saƙar. Bazara ce, shanu sun rame, abin da Dada ta tatso bai kai rabin galan ba. Baffa kuma, da kunyar nan tasu ta Fulani, ba ya iya ambaton ɗansa a gaban uwarsa, balle ya ce abin da take bayarwa lalacewa yake. In ta tambayi mai jego da yaro sai ya sunkuyar da kai ya ce da sauƙi. Ni kuwa na buɗe baki na zazzage mata komai, har aman.

Dada ta dubi ɗanta. "Buba, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa," ta ce. "Yaro na mutuwa kana ce min da sauƙi?" Ta zagaya babur ɗin, ta taɓa jakar, ta ce ko 'yar da ba ta fara tallar nono ba ta san sai da sarari a gora madara take kaɗuwa. Ta tafasa madarar ta huce, ta wanke wata ƙaramar kwalba da ruwan zafi, ta cika ta har baki, har tana zuba, ta toshe, ta naɗe da jiƙaƙƙen zane. Na ce a ba ni in riƙe a ƙirjina. Baffa ya daka min tsawar da bai taɓa yi ba. Sai daga baya na gane, a lokacin babu abin da ake tsoro kamar yarinya da wani abu a ƙarƙashin hijabi.

A shingen sojoji na bakin gari kowa sauka yake ya tura. Wani soja ya nuna jakar da bakin bindiga, Baffa ya zaro kwalbar ya ce madarar jariri ce. Sojan ya ce ya sha a gani. Ban ga laifinsa ba yanzu, shi ma ransa yake karewa, amma a lokacin ji na yi kamar in cije shi. Baffa ya kurɓa, ga sarari ya samu a wuyan kwalbar. Da muka wuce bai hau ba. Haka ya tura babur ɗin a cikin ranar nan har Jekadafari, in mun zo rami ya ɗaga bayansa da hannu ya tsallakar, ni ina biye ina taka inuwarsa don ƙasa ta ƙona min ƙafa ta cikin silifa.

Inna ta tsiyaya, madara ta sauko fara sol. Ta sirka da dafaffen ruwa ta ɗiga wa Usmanu a cokali. Ya haɗiye. Muka tsaya muna jiran amai, bai zo ba. Ya buɗe baki yana neman ƙari, ya yi kuka, kuma wannan karon har maƙwabta sun ji.

Baffa ya yi ta wannan zirga-zirga har damina ta sauka, sojojin ma suka saba da shi suna ce masa mai madara. Yau a Gombe za ka ga babur da buhu uku da akuya a baya, ba mai ko waiwaye. Dada ta rasu, inda rugarsu take an yanka filaye. Usmanu ya kusa kamo ni tsawo, kuma wai shi ba ya son madara, warinta ke damunsa. Jakar tana nan rataye a ɗakin Baffa, ta bushe ta ƙanƙance, ya hana a jefar. In na gan ta, tafin ƙafata nake ji yana zafi.