Alƙalin 'yan sama jannati da bokitin fetur

Shekara biyar ke nan da rasuwar abokina Bulus, mutumin Filato, ma'aikacin masaƙa a Kakuri, wanda tsawonsa ya sa muke cewa shi ruwan sama ke fara duka kafin ya iso kan sauran mutanen Makera. Ciwon hanta ya ɗauke shi ana gab da soja su miƙa mulki. Ya so ya ga ranar, har ya kawo mini yadi na ɗinka masa rigar da zai sa, Allah bai nufa ba. Duk shekara nakan tuna da shi a wannan fili in ba ku dariya. Bana kuwa da kunya na zauna rubutun, sabuwa fil, ta makon jiya.

Sai na fara gaya muku yadda muke yi. Alhaji Mamman yana da gidan kallo a layinmu, rumfar kwano ce da bencuna da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ran Lahadi bayan la'asar, su Bulus sun huta daga coci, mu mun idar da salla, sai a sa fim ɗin sararin samaniya: kumbo, mutum-mutumi, halittun wata duniya masu ido a inda bai kamata ba. Bulus ke fassara mana Turancin. Al'adar gidan ita ce duk inda wani a fim zai yanke babbar shawara, Alhaji ya tsayar da kaset, a buɗe kotu. Tambaya ɗaya ce: mutum mai hankali zai yi haka? Ni ne alƙali. Ba wanda ya zaɓe ni, juyin mulki na yi da baki, daidai da zamanin.

Ban taɓa sallamar kowa ba. Kyaftin ya koma cikin kumbo mai ci da wuta don hoton 'yarsa, na ce a ɗaure. Masani ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a duniyar da ba ɗan Adam, ya nufi ƙofar zai buɗe, na ce ko akuyar gidanmu ta fi shi digiri. Jama'a su yi ta dariya, ni in yi ta kumbura.

Bulus shi ne lauyan wawaye, haka na raɗa masa. Ba ya musun cewa shawarar banza ce. Abin da yake so a duba shi ne yaushe rabon mutumin da barci, me ya baro a gida, wa ke tsaye yana kallonsa. Yakan ce a masaƙa ya ga magidanta masu 'ya'ya suna zura hannu cikin inji yana gudu don su ƙulla zare, alhali sun san wanda ya rasa yatsu a nan wurin, don kawai kada a ce layinsu ya tsaya. Amma ba kowa yake karewa ba. In likitar kumbo ta manta aikinta rana tsaka don fim ya samu hanyar ci gaba, sai ya naɗe hannu ya ce wannan ba wautar mutum ba ce, ragwancin mai rubuta labarin ne, shi ba ya tsaya wa rago. Bayan rasuwarsa kotu ta ci gaba ba lauya, na yi ta ɗaure bayin Allah ba mai ce mini kanzil.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Farar hular da ya yi marmari ta zo, bango ya cika da fastoci, kaset ya ba faifan sidi wuri, kowa na ihu cikin wayar salula. Bayan rikicin addini maƙwabta da yawa sun kwashe kaya, wasu sun haye gada, wasu sun nausa kudu, har da iyalinsa. Muna hango harshen wutar matatar mai daga unguwa, muna kuma bin layin fetur kamar za a raba Aljanna. Babur ɗina ya daɗe a jingine har kaza ta fara tunanin yin ƙwai a kansa.

To, makon jiya na kai ɗinki wajen Rido. A hanyar dawowa motarmu ta tsaya, tankar mai ta kife a gefen titi, fetur na kwarara cikin kwata. Mutane na gudu, ba daga wurin ba, zuwa wurin, da jarkoki da tukwane. Na leƙa ta taga na ce waɗannan ba su da hankali. Wallahi na faɗa, akwai shaidu. Abin da ya faru tsakanin wannan magana da ganin kaina tsugune bakin kwata da bokitin wani mai wankin mota, har yau ban iya bayaninsa ba. Warin na hawa mini ka. Na ga wani da sigari maƙale a kunne, na ga wani yana ta dukan kik don ya tayar da babur a bayana. Na san komai, ba abin da ya ɓoye mini. Abin da ke raina kawai shi ne babur ɗina zai tashi.

Sai na ji an fizgi rigata ta baya. Mama Rifkatu ce, matar Bulus, ashe nan take gasa masara yanzu. Ita tun da tankar ta faɗi ta sheƙa wa garwashinta ruwa, ta yi asarar cinikin yinin. Ta karɓe bokitin ta ajiye, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Sule, kabari ɗaya nake wa shara, ya ishe ni. Wuce mu tafi."

Na bi ta kamar rago ranar Salla. Allah ya kiyaye, wuta ba ta tashi ba, masu kashe gobara suka zo suka kori jama'a. Amma akwai ɗan Makera a motar, labari ya riga ni isa gida. Kafin magariba bokiti ya zama duro, wai har na yi iyo. Ni da nake yi wa labari gishiri, ranar na ɗanɗana nawa.

Lahadi ta zo. Na yi niyyar in ce zazzaɓi nake yi, na ga gudun ya fi zuwan muni. Rumfa ta cika fiye da kullum, ba don fim ba. Aka kai inda injiniyan kumbo zai fita cikin iska mai guba ya ɗauko batir, alhali na'ura na ta gargaɗinsa. Alhaji Mamman ya tsayar da faifai, ya juyo yana danne dariya.

"Ranka ya daɗe Alƙali, kotu na jira. Mai hankali zai yi haka?"

Kowa ya zuba mini ido, wani a baya yana kaɗa bokiti a hankali. Na ce su nemi wani alƙalin, ni na sauka, yau kare mutumin nan zan yi. Na ce a duba tun yaushe suke cikin duhu, a duba yadda sauran ke kallonsa. Hujjar ba ta fito da kyau ba, don ban taɓa gwada ta ba.

Bulus bai bar gida ba, bai bar fili ba, masaƙar ma tana ta rage mutane. Abin da ya bari shi ne wannan ɗan jinkirin kafin a kira mutum wawa, da mata wadda ta san lokacin kashe wuta. Ni sai da na durƙusa bakin kwata na gane darajarsu.

Kotu ta ɗaure injiniyan, ba ko mutum ɗaya a bayana. Na faɗi shari'ata ta farko, na zauna ana yi mini dariya. Haka Bulus ya riƙa faɗuwa duk Lahadi, a hannuna, kuma bai taɓa fasa zuwa ba.