Barmo, Mai Jiran Ranar Suna

Wanne ya fi: yaro ya tashi da takardar haihuwa mai ɗauke da sunan da ba nasa ba, ko ya tashi babu takarda sam? Na daɗe ina juya wannan tambaya, ban sami amsarta ba. Malam Barmo ma bai samu ba, sai dai shi bai tsaya a juyawa ba.

Barmo sakataren rajistar haihuwa ne a wata ƙaramar hukuma ta yankin Buza, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Kullum da safe yakan share teburinsa da kansa, ya yaye tsohon zanen da yake rufe kwamfuta da shi, ya kunna ta, ya jira. Da hantsi Zalika ungozoma takan shigo da bayanan haihuwar jiya.

Shekara tara ke nan da wani kamfani na Yamai ya kawo musu manhajar rajista. Tana aiki, sai abu ɗaya: ba ta karɓar jariri in ba a cika gurbin sunansa ba. Mu kuwa ba ma raɗa suna sai ran bakwai, an yanka rago, liman ya yi addu'a. Kafin nan mai jego ta hau amalanke ta koma ƙauyenta, kuma da wuya wani ya sake takowa saboda takarda, balle da damina.

Sakatarori suka samo dabara. Namiji Mahaman, mace Mairamu, a danna a wuce. Barmo ya ƙi. Ya sayi littafi yana rubuta sunan uwa da na ƙauye, ran Asabar ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi duwatsun bayan Allakaye yana sallama ƙofa-ƙofa: "Wane suna yaro ya samu?" Mutanen ƙauyen Deule sun taɓa ganinsa yana tura babur cikin yashin korama, littafin ɗaure a kansa kada ya jiƙe. Bai kai ga kowa ba. Waɗanda suka kuɓuce masa ba su da takarda har yau, kuma ya san adadinsu.

Ya rubuta wa kamfanin. Amsa ta zo cewa ba sa duba koken mutum ɗaya. Masu amfani da manhajar su haɗa ƙungiya, su jefa ƙuri'a, su aiko da buƙatu uku kacal a shekara. Barmo ya bi sakatarorin Madawa da Buza da Kaita ɗaya bayan ɗaya, har ya tara mutum goma sha biyar. Bayan kowane girbi sukan haɗu a Madawa. Shi ke rubuta kowace buƙata dalla-dalla: abin da ke faruwa, wanda ke cutuwa, gyaran da ake so.

Albarkacin waɗannan takardu, yanzu in wuta ta ɗauke aikin yini ba ya ɓacewa. Amma tasa buƙatar, wato a bar gurbin suna a buɗe har kwana bakwai, sau shida tana zuwa ta huɗu. Kowa ya fi jin abin da ke ci masa lokaci a ofis, wannan kuwa sun riga sun yi mata dabara.

Wanda ya fi tsaya masa a wuya shi ne Alƙasim, wani sakatare daga ɓangaren Kaita, abokin wasansa.

"Tsoho, kai da wahalar da kai," in ji shi. "Mahaman sunan Manzo na, wa ka ƙin shi? Alheri nika yi ma ɗiyan mutane. Ni hannuna ba shi tashi ma wagga magana."

Zalika ma ta gaji da ganin gajiyarsa. Wata rana ta ce, "Malam, kai ka rubuta takardar, kai ka aika ta. In ka maida taka ta ukku, wa zai sani?"

Barmo ya ce, "In na yi haka, mi ya raba ni da mai rubuta Mahaman?"

Ban san ko ya yi daidai ba. Ƙarya guda a takarda guda, da ta hutar da yara masu yawa. Amma na san dalilin da ya sa mutum goma sha huɗu ba su taɓa neman ganin wasiƙar ba kafin ya aika.

Kai ne, Barmo, ka ɗauki sunan ɗan talaka da nauyin da ubansa ya ɗauke shi ranar yanka. Kai ne aka kayar sau shida, kuma sau shida ka rubuta buƙatun waɗanda suka kayar da kai da kyakkyawan rubutu. Gwiwoyinka sun ƙare a kan duwatsu, babu wanda ya ba ka lambar yabo. Mun gode, Allah Ya saka. Wanda duk wata na'ura ke tilasta masa yin abin da ya san ba daidai ba ne, ya nemi 'yan uwansa su rubuta, su kuma sake rubutawa.

Makon jiya aka yi taronsa na ƙarshe. Aka zo gurbi na uku, buƙatarsa da wata ta gyaran bugun takarda suka yi bakwai da bakwai. Saura Alƙasim. Barmo ya riga ya fara rufe littafinsa.

Alƙasim ya zaro wata takarda daga aljihu. "Mushen lakkwal, malamin makarantar garinmu, ya kawo min wagga. Ran da anka buɗe aji ya kira Mairamu. Su shida a rajista, ba wadda ta ɗaga kai. Ya matsa ma guda, ta fashe da kuka, ta ce ita Rufaida ta, a kai ta gida." Ya ninke takardar. "Duk shidan ni na rubuta su."

Alƙasim ya juya wajen Barmo.

"Tsoho, buɗe littafinka."

Ya ɗaga hannu, bai sauke ba sai da Barmo ya rubuta takwas.