Ba Wuƙar Likita Ce Ta Kashe Tanko Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne aminina Tanko tela, kuma har yau a Minna ana yi wa mutuwarsa ƙarya. Ni dai bokona aji biyu ne, shi ma malamin ne ya gaji da ni, amma ina da ido, kuma ina wurin.

Tanko ya daɗe da ciwon ciki. Zawo da jini, ya lafa, ya dawo, har muna tsokanarsa cewa allurar kekensa ta fi shi ƙiba. Ran nan cikin ya kumbura kamar ganga, ba bayan gida, sai amai. Likita ya ce ciwon ne ya ci hanji har ya tsuke ya toshe. Ya tsaga, ya yanke wurin, ya ɗinke. Tanko ya farfaɗo, har ya ce mini, "Audu, duba ɗinkin nan. In ya karkace a kira shi in koya masa."

Sharaɗi ɗaya likita ya kafa: ba abinci sai hanji ya kama. Sai ga wan Tanko, Malam Garba, daga Gwada, da ƙwaryar fura a ƙarƙashin babbar riga. Na tare shi a ƙofa. Ya ce, "Kai ɗan boko, a gidanku ake zuwa dubiya hannu rabbana? Da yunwa za ku kashe mini ƙane?" Ina juya baya zuwa masallaci ya ɗura masa. Ɗinki ya ɓalle daga ciki. A wajen zaman makoki kuwa aka ce wuƙar Bature ce, kowa ya gyaɗa kai.

Da Tanko zai leƙo yau, zai ga asibiti ya ƙara ɗakuna, amma ƙwarya na nan tana shiga a ɓoye. Zai kuma ga ɗansa Isa a kan kekensa, da irin ramarsa, da irin ciwonsa, baffansa na ce masa kada ya kuskura ya je inda aka yanka ubansa.

Kwana na Allah ne, ban musa ba. Amma ƙaryar ta mutane ce. Abin da ya rage na Tanko shi ne Isa. Isa, a karanta maka wannan a gaban baffanka: ubanka ya tashi daga wuƙa yana ba'a. Gobe ka rufe shago, ni zan raka ka asibiti, kuma duk mai babbar riga sai na laluba shi.