Tauraron da Kawu Nababa Ya Gani

Muna tsigar gyaɗa a gindin ɗorawa, rana tsaka, Kawu Nababa ya ce, "Tahir, ga tauraron nan naka ya sake fashewa." Na ɗaga kai, babu ko gajimare. Da na dube shi sai na ga idonsa a rufe yake. A nan na gane ba daga sama hasken yake ba.

Kawu Nababa yayan mahaifiyata ne, a wani ƙauye gabas da Ɗanbatta. Bai taɓa wata sana'a ba sai noma, kuma shi ke duba wa unguwarmu taurari. Kafin shuka sai an tambaye shi inda Kaza da 'Ya'yanta suka kai. Yanar ido ta rufe masa na dama tun ina sakandare, da na hagun yake wannan aiki.

Farkon kaka, bayan sallar magariba, ya ce mini ya ga wani haske ya walƙa a gefen sama ya dushe, ba hadari ba tsawa. Ni kuwa ban daɗe da gama digiri a fiziks ba, kuma a kan irin wannan na yi bincikena. Na yi masa bayani cewa idan ƙaton tauraro ya mutu can nesa, yakan feso wani haske mai ƙarfi da ake kira gama, wanda ido ba ya gani, sannan wanda ake iya gani ya biyo baya ya dushe. Galibi sai da na'ura, amma an taɓa samun wanda ido zai iya kamawa.

Daɗi ya cika shi. A majalisa ya riƙa cewa, "Turawa da na'ura, ni da ido ɗaya."

Abokinsa Ɗanliti ya ce, "Kai dai cocilan ɗin mai shayi ka gani, tsoho."

Matar Kawu, Inna Hure, ta so a je kemis, Kawu ya ce ai mai digiri ya gama magana.

Washegarin tsigar gyaɗar nan muka kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce tantanin bayan idon ne yake ɓallewa, walƙiyar kuma alamarsa ce, da an zo da wuri da ya fi. Tun a mota, muna hanyar zuwa, Kawu ya riga ya ce mini wani baƙin labule yana saukowa daga gefe.

Jiya aka yi masa aiki. Gyaɗar tana can a tare a gona. Ina zaune a baranda riƙe da takalmansa, Inna Hure tana jan carbi. Sai an kwance bandeji za a san ko zai gani, kuma har yanzu ba a kwance ba.