Gadon Lahirar Nea Firica

Sau ɗaya na taɓa ganin an kayar da dattijon layinmu Nea Firica a rigima, kuma zakaransa ne ya kayar da shi. Wata Lahadi muna dawowa daga coci sai ga shi a ƙofar marigayiya Tanti Safta yana dukan ƙyaure da sanda. Wai zakaransa ya ɓace, ga ƙanshin miyar kaza yana tashi daga gidanta.

"Fito da tukunyar nan, Safta! Na san ƙanshin abina."

"Ka san ƙanshinsa? Da shi kake kwana ne, tsohon banza?"

Ta ɗauko tukunyar har bakin titi ta buɗe. Ya sa cokali ya ɗago ƙafa ɗaya, ya juya ta, ya sake juyawa, ya rantse da kabarin uwarsa cewa wannan ƙafar a gidansa ta girma. Bai rufe baki ba muka ji cara daga cikin gidansa. Ashe shi da kansa ya kulle zakaran a ɗakin ajiya don tsoron ɓarayi, ya manta. Muka yi dariya har da riƙe katanga. Kuna tsammani ya ba da haƙuri? Tukunyar ya sake leƙawa ya ce, "To wannan na wa ne?"

Haka Allah ya yi shi. Gadi ya yi a kamfanin matsar mai na garinmu Bailesti har ya yi ritaya, kuma bai taɓa barin aikin a bakin ƙofar kamfani ba. In ka gaishe shi da fara'a sai ya taɓa aljihunsa. Matarsa Floarea ta yi zama da shi har ta mutu ba ta san inda yake ɓoye mabuɗin ɗakin giya ba. Ɗansu guda, Dorel, yana Italiya yana ɗaukar bulo. Yakan bugo waya ranar Ista, uban ya kwana biyu yana tunanin me yaron yake nema.

To, jikin bangon Firica akwai tsohon gidan burodi da aka rufe tun rushewar kwaminisanci. Bara limamin cocinmu, Fada Sofronie, ya ce zai gyara shi ya zama makwancin marasa gida, waɗannan da ke kwana a bencin tashar jirgin ƙasa. Amma a wajen hukumar gari wurin shago ne, ba a mayar da shi gidan kwana sai maƙwabcin da ya haɗa bango da shi ya yarda. Ɗaya gefen filin coci ne, ɗayan kuwa Firica. Sai unguwa ta kwantar da hankalinta. Mutumin da bai yarda da inuwarsa ba, shi zai yarda da mashaya?

Doamna Aurica, wadda ta tsufa tana sayar da magani, ita ce uwar adawa. Ta ce Fada kuɗin waje ya hango. Ta ce da an buɗe za a riƙa jido mana su daga birnin Craiova a motar kaya, da ƙwarƙwatarsu da tarinsu. Firica kuwa har ya fi ta zafi. Da Fada ya je gidansa roƙo, ta taga ya amsa masa, yana kallon hannuwansa.

Sai kaka ta zo, ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibiti. Ya dawo a rame, ya aiko a kira ni, don ni nake shirya sadakar mamata a layinmu.

"Gherghina, pomana zan yi, sadakar mamatan nan. Tawa. Tun ina numfashi."

"Kai Nea, ba ka da ɗa ne?"

"Dorel? Ya yi mini sadakar gado? Katifar zai sayar, ya ba ni tabarma."

Ba shi ya fara ba. A nan, tsoho in ya ga 'ya'yansa sun watse duniya yakan yi sadakarsa ta lahira da hannunsa: gado da shimfiɗa, tebur, kujera, kwano, tufafi daga hula har takalmi, a ba wani talaka baƙo. Abin da ka bayar shi za ka tarar a can. In ba ka ba da gado ba, a ƙasa za ka kwanta har tashin alƙiyama, kuma Firica da ciwon baya.

Ya sayi gado na katakon gaske, ya hau ya yi tsalle a kai a gaban mai shago. Sa'an nan ya tafi tasha zaɓen mutum. Ya zaɓo wani dogo mai suna Mitrut, tsohon birkila da giya ta raba da iyali, saboda takalminsu lamba ɗaya ne. Na dafa kabeji da nama da tuwon masara, Fada ya yi addu'a, aka kunna kyandir, Firica ya miƙa kaya ɗaya bayan ɗaya, kai ka ce haƙoransa ake cirewa. Mitrut ya yi godiya yadda ake yi, ya ci ya ƙoshi, ya shafa katifar, ya ce:

"Nea, Allah ya karɓa. Amma a ina zan ajiye shi?"

Babu wanda ya yi tunanin wannan, har ni. Abin sadaka ba ya komawa gidan wanda ya bayar, in ya koma sadaka ta ɓaci. Tasha kuwa ba a shiga da gado. Aka jingine shi a filin coci, aka rufa masa leda. Gadon da ba a kwana a kai ba kuma, tsofaffinmu suka ce, bai isa can ba tukuna.

Daga ranar Firica ya koma gadi. Da safe yana filin coci yana ɗaga leda, yana matsa katifa ko ruwa ya shiga. Da rana yana tasha yana shinshinar bakin Mitrut.

"Wa ya saya maka? Ka yi cinikin gadona ne?"

"Gadona dai, Nea. Kai ka ba ni."

"Naka a nan, nawa a can. In ka sayar, na rantse ko na mutu sai na zo na kwanta a kanka."

Ruwan kaka ya yi ta zuba, ƙafafun gadon suka fara baƙi. Ranar da ya ga haka ya wuce kai tsaye wurin Fada, ya ce ya yarda a buɗe makwancin.

Unguwa ta ɗauki wuta. Wasu suka ce Fada ya yi masa alkawarin kabari kusa da ƙofar coci. Wasu suka ce Mitrut ɗansa ne na waje, ku dubi hancin. Na duba, hanci ne kawai. Aurica ta ce ƙwayoyin asibiti ne suka taɓa masa kai, ita ta san irinsu. Aka faɗa musu zancen gado, suka ƙi yarda, wai ya yi sauƙi da yawa, dole akwai wani abu a ƙasa. Aka daina gaishe shi, shi kuwa hakan ya fi masa daɗi.

Hukuma ta kira taro a makarantar unguwa wata Asabar da hantsi, ta turo wani jami'i mai jiran jin abu ɗaya: maƙwabcin bango yana kan bakansa ko ya janye? Aurica ta zo da gashin da aka gyara musamman. Ta yi magana a kan yara, ta yi a kan darajar gidaje, ta ce a kai su tsohuwar gonar gwamnati bayan gari.

"Bayan gari?" in ji Firica. "Wa zai riƙa duba mini kaya a can?"

Sai ta juyo kansa gaba ɗaya.

"Nea Firica, ka ji kunya! Kai da kake ƙirga tumatirinka kafin ka shiga wanka, kai da ka sa wa bokitin rijiya kwaɗo, yau kai ne ka yarda da ɓarayi a jikin bangonka?"

Amsar da ya ba ta ita ta tashi taron. Jami'in ya rufe jakarsa yana ƙunshe dariya, kuma kafin dusar ƙanƙara ta sauka an shigar da gadon cikin makwancin. Ga yadda amsar ta zo: Firica ya miƙe a hankali, ya dogara sandarsa, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, har Fada bai tsira ba.

"Wa ya ce miki na yarda da su, Aurica? Ku ma tun da na tare a layin nan ban yarda da ko ɗayanku ba. Na kore ku?"